ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: MARAYAN BEBEJI DA YA ZAMA BABBAN ATTAJIRIN AFIRKA TA YAMMA

Ran 17 ga watan Agusta na shekarar 1955 Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, yana da kimanin shekara 78 a duniya. A lokacin nan ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan ƙasa dukiya a duk faɗin Afirka ta Yamma. Har yau kuwa sunansa bai ɓace daga bakin jama'a ba, domin in mutum ya cika fankama da abin hannunsa, akan tambaye shi ko shi ne Ɗantata.

Amma fa tarihin mai dukiya ba ya tsayawa kan yawan abin da ya tara. Wajibi ne a duba ta wace hanya dukiyar ta zo, su wane ne suka yi gumi a kanta, kuma me ta bar wa ƙasa. A ƙasashen Turai da Amurka har yanzu masana ba su gama gardama a kan manyan attajiransu na wancan zamani ba. Ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su san namu, su kuma auna shi da ma'aunin adalci.

ASALINSA

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Shi Ba'agale ne, wato daga cikin Agalawa, fataken nan da asalinsu ya fito daga arewa wajen ƙasar Azbin, suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe ragamar fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Alhassan yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu. Da aka raba gado, mahaifiyarsa ta yi ƙaura zuwa Ankara, babban birnin ƙasar Ghana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta yi renon Alhassan, daga sunanta kuma aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura ne cewa sunan da ya fi kowane suna shahara a fagen dukiya a Arewa sunan baiwa ne wadda ba ta mallaki ko kanta ba.

Ya yi karatun allo a Bebeji kamar sauran yara. Gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare, saboda haka tun yana yaro ya san neman na kansa. Da ya tasa, ya bi ayari har Ankara wajen mahaifiyarsa. Masu tarihi sun rawaito cewa ba ta shagwaɓa shi ba, wajen wani malami ta kai shi ya ci gaba da karatu da neman abinci da guminsa, sa'an nan daga baya ya komo Bebeji.

YAƘIN BASASA

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan gidan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi yarda, suka fice daga birni. Wannan shi ne mafarin yaƙin Basasa, wanda bai lafa ba sai a 1895, bayan an kashe Tukur, Aliyu Babba ya tabbata a kan gadon sarauta. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi rinjaye aka washe dukiyoyinsu, aka kama mutanensu. Alhassan yana cikin waɗanda aka kama aka mai da su bayi, tare da 'yan'uwansa. Allah ya sa bai daɗe cikin wannan hali ba ya kuɓuta, ya koma Bebeji hannu wofi.

Wato kafin ya cika shekara 20 ya ɗanɗani maraici da talauci da bauta. Wanda ya ga haka da idonsa ya san dukiya tana iya tashi cikin dare ɗaya, ya kuma san abin da saɓa wa masu mulki yake jawo wa ɗan kasuwa. Dukan darussan nan biyu sun bayyana a cikin rayuwarsa ta gaba.

HANYAR GWANJA

A wancan zamani tafiyar Gwanja aiki ne na watanni. Ayari yakan tashi da rani da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da alfadarai, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba. Suna ɗauke da baƙin rini na Kura, da kanwa, da jemammun fatu, da busasshiyar albasa, su komo da huhunan goro a naɗe cikin ganyen fita. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta ratsa ƙasar Sakkwato ta faɗa kasuwar Jega, sa'an nan a ƙetare Kwara a bi ta ƙasar Bargu da Yandi har Salaga. Mutanen Tambuwal da Kebbe ba baƙi ba ne ga wannan labari, da yake Tambuwal tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kakanninsu sun ga wucewar fatake, sun kuma yi ciniki da su. A kowace ƙasa sai an biya kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, ga 'yan fashi, ga goro kayan lalacewa ne, in ba a yawaita yayyafa masa ruwa da tsince na ƙwari ba, a yi asara.

Sa'ad da Alhassan ya shiga wannan sana'a, zamani ya riga ya fara juyawa. Ingilishi sun karya ƙarfin Ashanti tun 1874, rikicin sarauta ya wargaza kasuwar Salaga a 1892, Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a wannan shekara kuma hanyar jirgin ƙasa daga Sakandi, bakin teku, ta isa Kumashi. Fatake da yawa sun tsaya kan hanyar iyaye da kakanni. Shi kuwa ya lura cewa in an sauko da goro bakin teku aka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, tafiyar watanni ta zama ta kwanaki. Wajen 1906 ya riga ya kafa cinikinsa tsakanin Kumashi da Sakandi da Ankara da Ikko, yana haɗawa da duwatsun ado da tsakiya da yadudduka na Turai. Ribar da wani yake jiran shekara guda kafin ya gani, shi yana juya ta sau da yawa cikin shekarar. Nan jarinsa ya kafu.

JIRGIN ƘASA DA GYAƊA

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawan mulki shi ne su sami auduga don masaƙun Ingila. Amma a daidai lokacin masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsirrai su yi majarin, wato man shafa wa burodi, da sabulu, saboda haka gyaɗa ta yi daraja. Manomin Kano ya yi lissafinsa: gyaɗa tana son jigawa, ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, harawarta abincin dabbobi ce, in yunwa ta zo kuma ana ci, auduga kuwa ba ta ciwuwa. Ga haraji kuma an ce sai da kuɗin Turawa za a biya, ba da wuri ba. Ya zaɓi gyaɗa.

Turawan kanti suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, manoma kuma ba su amince da su ba. Tilas suka nemi fataken goro, waɗanda suke da barori da masu masauki a ko'ina. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Umaru Sharubutu Koki, da Maikano Agogo, da Adamu Jakada, da shi Alhassan Ɗantata, wanda ya baro Bebeji ya zauna a birni, ya gina gidansa a wajen Koki da Sarari. Ya zama wakilin Kamfanin Neja, kamfanin da Lever Brothers na Ingila suka saye a 1920, aka kuma haɗa shi da wani a 1929 ya zama U.A.C.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kamfani ya ba babban wakili kuɗi tun kafin kaka. Wakili ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa 'yan baranda da ke ƙauyuka. Waɗannan su ne suke bin gida gida da kasuwa kasuwa da mudu da buhu, su tara gyaɗa a ɗoro ta a jakuna da raƙuma zuwa sikeli a bakin tasha. Kowane mataki yana da la'adarsa. Dukan tsarin ya dogara ne kan amana, domin babu takarda tsakanin wakili da yaransa, in ɗaya ya gudu da kuɗi wakili ne zai biya. Ƙarfin Ɗantata shi ne yawan amintattun mutanen da ya tara tun zamanin goro, da kuma cika alkawari ga kamfani. Zuwa farkon shekarun 1920 ya wuce dukan takwarorinsa na Kano, har daga baya aka kiyasta cewa kusan rabin gyaɗar da U.A.C. yake saye a Arewa ta hannunsa take biyowa. Da jirgi ya isa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, cinikin ya ƙara faɗaɗa, gyaɗar Lardin Sakkwato ma ta sami hanyar fita ta Gusau.

RAƘUMA ASHIRIN

Labarin da ya fi shahara game da shi shi ne na 1929, lokacin da ya kai ajiya reshen Kano na Bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma, wanda yanzu ake kira First Bank. Kuɗin azurfa ne, kayan raƙuma 20. A zamanin nan attajirai a tukunya ko a rami suke ɓoye kuɗi, suna ɗari-ɗari da bankin Nasara. Da mutum irinsa ya yarda ya kai nasa, wasu suka bi sahu. Sai dai ya ƙi karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa, saboda addini ya hana.

Ya sauke faralin aikin Hajji a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a lokacin da yawancin alhazan ƙasar nan suke takawa da ƙafa ta Sudan, tafiyar da takan ɗauki shekaru.

DALAR GYAƊA DA LASIN

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gonar da ake fitarwa, ta raba kason saye gwargwadon abin da kowane kamfani ya saba fitarwa kafin yaƙi. Wannan ya ƙara wa manyan kamfanonin Turawa ƙarfi, ya rufe wa 'yan ƙasa ƙofa. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya, ita ke yanka farashi, kuma ba mai sayar mata sai mai lasin. Ɗantata, da duk dukiyarsa, ya daɗe yana saye ne a ƙarƙashin lasin wani. Sai a farkon shekarun 1950, gab da ƙarshen rayuwarsa, ya sami lasin kansa, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka sami wannan dama.

A shekarun nan ne gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, aka riƙa jibge buhuna a fili ana ginin dala da su, kowace dala tana cin buhu kimanin 15,000. Jama'a suna danganta wannan dabara ga Ɗantata, hoton dalar gyaɗa kuma ya zama tambarin arzikin Arewa. Har ila yau ya sa hannu da jari wajen kafa kamfanin 'yan kasuwar Kano wanda ya buɗe masaƙar zamani, ɗaya daga cikin yunƙurin farko na 'yan ƙasa na kafa masana'anta a Arewa. A fannin siyasa ya goyi bayan Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato N.P.C., ya kuma zauna a majalisar En'e ta Kano.

KUKAN MANOMI

Tarihin gyaɗa yana da wata fuska wadda bai kamata a rufe ta ba. Manomin da abincinsa ya ƙare da damina yakan karɓi bashin hatsi ko kuɗi daga ɗan baranda, ya biya da gyaɗa da kaka a farashin da bai kai na kasuwa ba. Da kaka kuma ga masu karɓar haraji a ƙofar gida, dole ya sayar lokacin da gyaɗa ta fi araha. Ƙorafi kan tauye mudu da murɗe sikeli ya yi yawa a duk inda ake cinikin. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta faɗo shekara ɗaya bayan fara cinikin, ta hallaka jama'a masu yawa. A farkon shekarun 1930 kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Bayan kafa Hukumar Ciniki, an riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya, ana tara rarar a hannun hukuma. Ire-iren waɗannan koke-koke suna cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, farin jini wajen talakawa.

Ina matsayin Ɗantata a cikin wannan? Ba shi ya yanka haraji ba, ba shi yake tsai da farashi ba, a Landan da Libaful ake yin wannan. Kaso mafi tsoka na ribar ya tafi ga kamfanonin Turai. Duk da haka shi ne babban tsani tsakanin kamfani da manomi, kuma tsarin da ya matse manomi shi ne ya yalwata shi. Masu yabonsa suna cewa ba don irinsa ba da Turawa da Kwarori sun cinye kasuwar baki ɗaya, shi ya sa wani kaso na ribar ya tsaya a Kano, ya zama gidaje da jari da aikin yi ga dubban mutane. Masu suka kuma suna cewa attajiran zamanin sun zama dillalan mulkin mallaka, sun ƙawance da sarakuna, sun bar talaka da fartanya da bashi. Mai adalci zai ga cewa kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta ture ta ɗaya ba.

TAKWARORINSA NA ƘETARE

Irin wannan gardama ce ake yi a kan attajiran Amurka. Jon Rokafela ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870, cikin shekara goma ya mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na tace man fetur a ƙasar, ta hanyar karya abokan gasa, har kotun ƙoli ta farfasa kamfanin a 1911. Andiru Kanegi, sarkin ƙarfe, a masana'antarsa ta Homestead aka zubar da jini lokacin yajin aikin 1892, amma ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500, yawancinsu bayan ya sayar da kamfaninsa a 1901. Gidauniyar Rokafela tana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken aikin gona ta duniya da ke Ibadan a 1967. Wiliyam Liba, mai Lever Brothers, ya gina wa ma'aikatansa na Ingila gari mai kyau, alhali gonakinsa na kwakwar manja a Kwango sun yi ƙaurin suna wajen aikin tilas.

Akwai bambanci babba tsakaninsu da Ɗantata. Su gwamnatocin ƙasashensu suna sauraronsu, bankuna suna hannunsu, su ke yanka farashi. Shi kuwa ɗan ƙasar da aka mallaka ne, yana ciniki a kasuwar da wasu suka shata wa iyaka. Abin da ya tara ya tara shi ne a cikin ɗan filin da aka bar wa baƙar fata.

HALAYENSA DA ZURIYARSA

An san shi da tsimi da tanadi, da ƙin almubazzaranci, da sa ido kan lissafi komai ƙanƙantarsa. Ya riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, yana ciyar da mabukata da almajirai, yana taimakon malamai, yana kai mutane aikin Hajji. Alherinsa ya bi tafarkin zakka da sadaka irin na attajiran Hausa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada su wargaza kamfanin. Aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari.

Wannan wasiyya ita ce ta bambanta gidansa da na attajirai da yawa, waɗanda dukiyarsu take watsewa ranar rabon gado. Ɗansa Ahmadu ya riƙi kamfanin Alhassan Dantata and Sons har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara a cinikin gyaɗa da sufuri da hidimar Ƙadiriyya. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya kai kamfanin fagen gine-gine da masana'antu da man fetur, ya rasu a watan Yuni na 2025 aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da matatar man da aka buɗe a Ikko a 2023, jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Ita kuwa gyaɗar da ta gina wannan gida, farin 1972 zuwa 1974 da annobar da ta kama shuka a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan kuɗin man fetur, sun kawo ƙarshen dalarta. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Gidan Ɗantata ya tsira domin ya riga ya rarraba ƙafa, manomi kuwa bai da wata ƙafar da zai rarraba.

Saboda haka ɗalibi zai koyi naci da riƙon amana da gane juyin zamani daga rayuwar wannan bawan Allah. Ma'aikacin gwamnati kuma, wanda a teburinsa ake tsara haraji da lasin da bashin noma, ya tuna cewa ƙa'idojin da hukuma ta shimfiɗa su ne suke yanke rabon da zai kai ga mai sikeli da wanda zai kai ga mai fartanya.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, da Tata da ta rene shi, da dubban manoman da suka cika buhunan, amin.